Babur Ya Shigo Auyo, Marubucinsa Bai Iso Ba

Duk wanda ya girma a ƙasar Haɗeja, in aka ce ya faɗi abin da ya fi sauya rayuwar ƙauye a shekaru 50 da suka wuce, zai iya cewa dam ɗin Tiga ne, wanda aka gama a 1974 ya canza zuwan ruwa da tafiyarsa a fadamunmu. Wani zai ce injin ban-ruwa, wani ya ce wayar salula. Ni dai babur zan ce. Tiga ya canza abin da muke shukawa, waya ta kawo mana labarin farashi, amma babur ne yake ɗauko buhun shanshera daga bakin gona a Gamsarka ya kai shi inda mota za ta iya tsayawa. Shi ne yake fita da mai naƙuda cikin dare daga Gatafa ko Ayama, shi ne kuma ya kwashi samarin Auyo ya watsa su Kano da Abuja da Legas. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk wannan tarihin yana tafiya ba a rubuce ba. Tun tasowata nake tsayawa gaban teburin mai jarida a Haɗeja. Na ga jaridun siyasa, na ga mujallun addini da na fim, har da na ƙwallon Turai, amma ban taɓa ganin takarda ɗaya da aka buga da Hausa saboda mai babur ba.

A wasu ƙasashen kuwa akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kan wannan aikin. Ɗaya daga cikinsu Ba'amurke ne mai suna Joe Parkhurst, wanda aka haifa a 1926. Asalin sana'arsa tsara shafukan mujalla ce, kuma ya yi aiki a mujallar motoci ta Road & Track, inda ya ga yadda ake hawa mota a gwada ta, a auna ta, kafin a yaba ko a kushe. Mujallun babur na wancan zamani ba haka suke yi ba. Kamfani ya ba da talla, edita ya rubuta yabo, mai saye kuma ya gano gaskiya bayan kuɗinsa sun bar aljihunsa. A watan Janairun 1962 Parkhurst ya fito da tasa mujallar, Cycle World, a jihar California, shi ne edita shi ne mawallafi. Ya ɗauko Gordon Jennings ya damƙa masa ɓangaren inji. Ƙa'idarsu ba ta da wuyar faɗa: a hau babur, a auna gudunsa da birkinsa da shan mansa, a buga abin da aka gani, ko da mai babur ɗin shi ne ya sayi shafin baya na mujallar.

Ya kuma zo a kan gaɓa. Kamfanin Honda ya buɗe reshensa a Los Angeles a 1959, ƙananan baburan Japan suka fara shiga kasuwar da Harley-Davidson da baburan Ingila suka saba riƙewa, tsofaffin mahaya suna yi musu kallon kayan wasan yara. Parkhurst bai raina su ba, bai kuma yi musu alfarma ba. Awon da ya yi wa manya shi ya yi musu. Masu karatu suka gane cewa ga takardar da ba ta yaudararsu, cikin 'yan shekaru ta shiga gaban sauran. A farkon shekarun 1970 ya sayar da ita ga kamfanin CBS, ya ci gaba da riƙe ta na wani lokaci, daga baya ya koma buga takardar labarai ta dilolin babur. Ya rasu a watan Disambar 2000, aka sa sunansa a jerin gwarazan harkar babur na Amurka a 2001.

A daidai lokacin da mutumin nan ya bar duniya ne baburan China suke cika kasuwanninmu, wato lokacin da muka fi kowa bukatar irinsa.

Kafin babur, tafiya a fadama lissafin rani da damina ce. Da rani jaki da keken Raleigh da ƙafa. Da damina in kogi ya kawo sai kwalekwale, wani ƙauyen ma sai a daɗe ba a ga baƙo ba. Mai niyyar Kano yakan nufi Malam Madori ya jira jirgin ƙasan da ke tahowa daga Nguru. Babur na farko da mutanen ƙauye suka sani na ma'aikaci ne: malamin gona, malamin asibiti, hedimasta. Da gwamnatin Janar Gowon ta biya ƙarin albashin Udoji da ariyas ɗinsa a 1975, malaman makaranta da akawuna suka yi ta sayen Honda Benly da Suzuki da Yamaha da Vespa. A lokacin babur kayan mutunci ne. Ana goge shi kowace safiya, a shimfiɗa masa tawul a kujera, a shigar da shi zaure da magariba, kuma ba kowane ɗan'uwa ne yake da fuskar zuwa aronsa ba.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, naira ta faɗi, albashi ya daina kaiwa ƙarshen wata, motocin haya suka tsufa ba a samu kuɗin sabunta su ba. Sai ma'aikacin nan ya fara fita da babur ɗinsa bayan la'asar yana ɗaukar fasinja, wani ma yana naɗa rawani don kada ɗalibansa su gane shi. Acaɓa ta kafu. Da aka yanke Jigawa daga Kano a 1991 zirga-zirga ta ƙaru tsakanin Haɗeja da Dutse da ƙananan hukumomi, amma har lokacin babur bai zama na talaka ba, don na Japan ya fi ƙarfin aljihunsa. Jincheng da Lifan da 'yan'uwansu ne suka buɗe ƙofar. A farkon shekarun 2000 sabon Jincheng bai kai naira 100,000 ba, manomin da ya samu shinkafar rani mai kyau zai iya shiga Kano ya dawo a kan nasa. Injinsa irin na Suzuki AX100 ne, wanda yake ƙona baƙin mai haɗe da fetur. Shi ya sa yake da zafin tashi, shi ya sa kuma yake barin shuɗin hayaƙi a bayansa, ga yawan neman fistin da ringi. Bayan wasu shekaru Bajaj Boxer ya zo daga Indiya. Nasa injin baƙin mai yana zaune a wurinsa daban, ba ya shan fetur sosai, ga doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya da za ta ɗauki mutum uku ko buhu biyu. Sannu a hankali ya kori Jincheng daga bakin tasha.

Wannan sauyi daga wancan inji zuwa wannan babban al'amari ne a tattalin arzikin ƙauye, don ya shafi abin da ɗan acaɓa yake komawa gida da shi kowane dare. Amma ba wanda ya zaunar da mutane ya bayyana musu bambancin. Kowa da kuɗinsa ya koya. Wanda ya yi sa'a ya sayi mai ƙarko, wanda bai yi ba ya sayi wani suna da ya bayyana shekara biyu ya ɓace, aka rasa ko da kafiretonsa a kasuwa, babur ya koma jingine a bango kaji suna kwana a kansa.

Iyakar masanin da muke da shi shi ne bakanike. A daminar 2022, da ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, ta yanke hanyoyi, na zauna a rumfar wani bakanike ina kallon baburan da aka jera masa. Wasu an tsallako da su a kwalekwale, wasu sun nutse a hanya an jawo su. Abu na farko da yake tambayar mai babur shi ne ko ya buga kik bayan ya fito da shi daga ruwa. In ya ce ya buga, sai ya girgiza kai, don ruwan da ya shiga saman fistin ba ya matsuwa, ƙarfen da ke riƙe da fistin ɗin ne zai lanƙwashe. In ya ce bai buga ba, sai ya cire filogi, yaransa su ɗaga babur su karkata shi ruwa ya zubo ta salansa, sannan a buga kik a hankali ragowar ya yi tsartuwa ta ramin filogin. Ya kwance kafireto ya wanke da fetur, ya matse soson iska ya shanya a rana. Baƙin man da ya zubar ya koma fari-fari saboda ruwa, sai ya zuba mai arha ya tayar da injin na ɗan lokaci, ya sake zubarwa, kafin ya zuba na kirki. Lakar fadama kuwa da ta daskare tsakanin taya da murfinta, da tsinken ƙarfe yara suke ƙwaƙule ta.

Wani dattijo da ya sayar da sa yana son sayen babur ya ce masa, "Maigida, wanne zan ɗauka?" Bai amsa kai tsaye ba. Ya ce, "Baba, gona za ka da shi ko yaro za ka ba wa haya? Kuma hanyarku yashi ce ko taɓo?" Daga amsar ya faɗa masa wanda shokozobarsa take jure kaya, da wanda sarƙarsa take saki da wuri, da wanda kayan gyaransa suke samuwa a Haɗeja ba sai an aika Kano ba. Ya ɗauko filogi biyu masu suna ɗaya da kwali iri ɗaya, ya ɗora wa dattijon a tafin hannu, ya nuna masa yadda rubutun na jabun yake gogewa da farce.

Aikin da Parkhurst ya yi suna a kansa ke nan, ana yinsa a ƙarƙashin rumfar kwano ba tare da ma'auni ko takarda ba. Sai dai yana da iyaka biyu. Ta farko, masu amfana da shi ba su wuce waɗanda muryarsa ta kai kunnensu ba, kuma ranar da ya bar sana'ar abin da ya sani ya tafi da shi, sai ɗan abin da yaransa suka tsinta. Ta biyu, bakanike da yawa su ne kuma masu sayar da kayan gyara, ko suna da kamasho a shagon da suke tura ka. Ban ce duka suke cuta ba, wanda na zauna wurinsa mutumin kirki ne. Amma mai saye ba shi da wata hanya ta gwada maganarsa da ta wani.

Kada a ce rashin irin wannan mujalla don Bahaushe ba ya karatu ne. Tarihi bai yarda da wannan ba. Tun watan Janairun 1939 Abubakar Imam yake shirya Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, yana bayyana wa manomi da ɗan kasuwa yaƙin duniya da harshen da suke ji, wasiƙun masu karatu suna zuwa masa daga ko'ina. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya. Daga baya kamfanin Triumph na Kano ya buga Alfijir da ajami saboda wanda allo ya yi bai yi boko ba.

Wanda ya fi kusa da irin editan da nake nufi shi ne Malam Ibrahim Sheme, ɗan jihar Katsina. Ɗan jarida ne da ya yi karatu a Jami'ar Bayero da kuma Cardiff ta Birtaniya, ya shirya manyan jaridun Turanci irin su Leadership da Blueprint, ya rubuta littafin 'Yartsana, ya kuma jagoranci rubuta tarihin Mamman Shata. Da irin wannan ilimi da matsayi, a watan Maris na 1999 ya fito da mujallar Fim, da Hausa, a kan sana'ar da manyan 'yan boko suke yi wa kallon wasan yaran Kano. Kafin ita akwai Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, amma Fim ce ta daɗe. Ta yi hira da 'yan wasa da furodusoshi da 'yan kasuwar kaset, ta yi sharhin finafinai, ta buga wasiƙun masu yabo da masu zagi, ta bi diddigin kafa hukumar tace finafinai ta Kano da rigingimun da suka biyo baya. Ba kullum 'yan fim suke jin daɗin abin da ta buga ba. Yau duk mai son sanin yadda harkar ta taso, har manyan masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, tsofaffin kwafenta suna cikin abin da yake dubawa. Sheme ya nuna cewa mujallar Hausa a kan sana'a guda tana iya rayuwa, muddin editan ya ɗauki sana'ar da masu yinta da muhimmanci.

To, mutanen da suke ci daga babur a Arewa, daga mahaya zuwa bakanikai da masu faci da masu kayan gyara da 'yan bumburutu, sun ninka 'yan fim sau da yawa. Me ya sa su ba su samu nasu ba? Akwai maganar talla: furodusa yana bukatar a san sabon fim ɗinsa, dilan babur kuwa kayansa suna sayar da kansu, ba ya bukatar wanda zai tona masa aibu. Akwai kuma cewa ɗan acaɓa mai rediyo ne, hannunsa da idonsa suna kan hanya. Amma a ganina babban dalilin raini ne. Mu masu alƙalami mun hau bayan ɗan acaɓa mun je ofis, ba mu taɓa ganinsa a matsayin wanda ya cancanci a yi masa rubutu ba. Ba ya shiga labarai sai in ya yi haɗari, ko an yi fashi da babur, ko gwamnati ta hana shi aiki.

Dubi abubuwan da suka same shi. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana ɗaukar mata a babur a Kano ta kawo A Daidaita Sahu. Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano, wasu mahaya suka kifa ƙwarya da robar fenti a ka, jaridun duniya suka yi ta dariya. Ba a samu wanda ya zauna ya bayyana musu da Hausa abin da ke faruwa da ƙwaƙwalwa in kai ya bugi kwalta ba, ko ya gwada hulunan da ke kasuwa ya ce wannan tana karewa, wannan roba ce kawai. Dokar ta mutu, samari suka ci gaba da mutuwa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin. Yaranmu da yawa suka dawo da baburansu gida, har kuɗin hawa ya sauko a ƙauyuka saboda yawansu, wasu kuma suka nausa kudu. A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 'yan Jigawa da babura 48, aka zaunar da su a ƙasa aka ɗauki hotunansu ya zagaya duniya, sannan aka sake su don ba a same su da laifi ba. An yi kwana biyu ana cacar baki, aka wuce. Ba a ji daga wane ƙauye kowannensu ya fito ba, ko babur nawa ne a cikin 48 ɗin na bashi.

Wannan maganar bashi ita ce ta fi taɓa ni. Akasarin yaran ba su ne masu baburan ba. Mai kuɗi ya saya ya ba yaro, ko dai ya riƙa kawo balas kullum, ko a ɗora riba a kan farashi ya biya a hankali babur ya zama nasa. Yarjejeniyar ta baki ce, shaidu biyu a ƙofar gida. In an sace babur, ko jami'ai sun kama sun niƙe shi, ko yaro ya karye ya kwanta wata uku wajen mai ɗori, a nan ake gane ba a yi maganar wanda zai ɗauki asarar ba. Na san gidajen da aka sayar da gona a kan wannan. Shafi ɗaya da zai lissafa wa yaro nawa zai biya gaba ɗaya, da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya karɓi makulli, da ya hana wasu daga cikin waɗannan rigingimu zuwa gaban mai unguwa.

Yanzu kuma wani sauyin ya iso. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Sabon Boxer ya haura naira miliyan 1. Manoman rani suka fara juya injin ban-ruwa zuwa gas da sola, baburan lantarki kuma suka cika titunan Kano suna gangarowa garuruwanmu. A gefe guda aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke nan Auyo, wanda aka gyara aka ƙaddamar a 2023, ya ƙara yawan shinkafa da alkamar da za a kwaso daga gonaki ta kan gaɓar magudanan ruwa, inda babur ne kaɗai yake bi cikin sauƙi. Bayanin da mai saye yake samu yanzu a waya yake samunsa, a TikTok da Facebook, kuma kusan duk mai bayanin shi ne mai shagon, yana tsaye a gaban kayansa da lambar wayarsa a ƙasan bidiyo. Bakanikenmu ma wannan karon bai riga kowa sani ba, don babur ɗin ba shi da filogi ko kafireto, batir ne da wayoyi da akwatin da ba a buɗewa.

Tambayoyin kuwa a fili suke. Shekara nawa batirin yake yi a zafin watan Afrilu na Haɗeja, kuma nawa ne sabo? Caji ɗaya kilomita nawa yake kaiwa da mutum ɗaya, nawa kuma da buhu biyu? Ruwa zuwa ina zai shiga ya fito lafiya? A ƙauyen da wutar gwamnati ba ta zuwa, faifan sola nawa ne zai cika shi kafin la'asar? Ba sai an kafa kamfani ba kafin a amsa su. Ga ɗalibai a Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga bakanikai da suka san hanya. A samu babura uku ko huɗu na kamfanoni daban-daban, a ɗora wa kowanne kaya iri ɗaya, a bi da su hanya ɗaya daga Auyo zuwa cikin gonaki a watan Agusta, a rubuta abin da kowanne ya yi, a buga a takarda, a karanta a rediyo, a sa a waya. Babur ɗin da ya mutu a hanya a faɗi sunansa. Dilansa ba zai ba da talla ba, don haka tun kafin a fara sai an san inda kuɗin fitowa ta biyu za su fito.